Kafet Mai Haske a Gida Mai Yawan Jama'a: Yadda Za a Kiyaye Shi a Nan Kudu

Jawabin da wani ɗan uwa mai sana'ar shimfiɗa da wankin kafet ya gabatar a zaman iyalai na ƙungiya, a Sabo, Ibadan

 

Shugaban wannan zama, dattawan unguwa, malamanmu, iyayena mata da 'yan uwana magidanta, ina yi muku barka da zuwa. An umarce ni in yi magana a kan abin da ya shafi sana'ata, wato kula da kafet, musamman mai haske: fari, ruwan madara, ruwan toka, da wanda amare ke ce wa kirim. Na san akwai mai cewa a ransa, duk matsalolin da ke gabanmu a garin nan, kafet ne abin tara mutane? To, a duba dai. A kansa muke zama, a kansa muke cin abinci, a kansa jariri ke rarrafe yana tsintar abu yana kai wa baki, a kansa tsohuwa ke salla, a kansa kuma baƙon da ya sauko daga motar Arewa yake kwana. Uba nawa ne a cikinmu ya ci bashi ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, damina ɗaya tak kafet ɗin ya koma abin kunya, har amarya tana jan kujera tana rufe tabo idan ta ji sallama? Saboda haka maganar ta kuɗi ce, ta lafiyar yara ce, kuma ta tsarki ce.

Abu na farko da nake so iyayena mata su riƙe shi ne, nan ba gida ba ne. Yawancin dabarun da kuka koya a wajen iyayenku a Kano ko Katsina ko Sakkwato daidai suke, amma don can aka yi su. A can damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara iska a bushe take. Mace za ta kwara wa darduma ruwa da hantsi, kafin la'asar ta bushe ƙarau. A nan Ibadan ruwa yakan fara tun wajen Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, kuma ko ranar da ba a yi ruwa ba iskar cike take da laima. Abin da zai bushe cikin awa huɗu a Kano yana iya kwana uku a nan bai bushe ba. Fumfuna kuwa ba ta buƙatar kwana uku. Cikin awa 24 zuwa 48 take kama abin da ya jiƙe. Don haka babban abokin gabar kafet a ƙasar nan ruwa ne, har da ruwan da kika zuba da niyyar wanke shi.

Kafin a yi maganar wanki, sai an san da me aka saƙa kafet ɗin, domin maganin wani guba ne ga wani. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu na zaren roba ne, wanda za ku ga an rubuta PP a takardar bayansa. Da yawa daga Turkiyya suke zuwa, musamman daga birnin Gaziantep da ya shahara da saƙar inji. Wannan zaren ba ya shan ruwa, kuma launinsa a cikin jikinsa yake, shi ya sa shayi da zobo ba su cika kama shi ba. Amma yana da aibi biyu: yana son maiƙo, kuma ba ya jure zafi, yakan narke a wajen digiri 160. Akwai na nailan, wanda ya fi ƙarko amma yana ɗaukar launin duk abin da ya zuba masa. Akwai na ulu, wato gashin tumaki, mai tsada, wanda omo da kanwa da bilic ke cinyewa. Sai kuma wani mai sheƙi da santsi da ake sayar wa mutane da sunan siliki, alhali biskos ne. Wannan ko ruwan famfo ya zuba masa sai ya bar shaida, ya yi rawaya-rawaya, zaren ya taurare. A ganina bai dace da gidan da ke da yaro ko ɗaya ba, kome kyansa.

Idan babu takarda a baya, ga gwaji mai sauƙi. A tsinko zare ɗaya daga gefe, a nutsa shi a kofin ruwa. Idan ya taso sama, zaren roba ne. A ɗauki wani a kusantar da shi da ashana, a waje, ba a cikin ɗaki ba. Ulu zai yi ƙaurin gashi ya bar toka mai murmushewa, roba da nailan za su narke su dunƙule, biskos kuwa zai ci wuta kamar takarda.

Yanzu ga abin da mutane ba su cika yarda da shi ba sai sun gani. Ba miya ce ke kashe farin kafet ba, ƙasa ce. Mafi yawan dauɗar da ke cikin kafet busasshiya ce, yashi da ƙura da ƙafa ke shigowa da su. Ƙwayar yashi tana da kaifi. Idan ta sauka gindin zare ana taka ta kullum, sai ta riƙa kankare shi kamar sanfefa. Zaren da ya kankaru ba ya ƙara sheƙi, shi ya sa za ka ga hanya ta fito daga ƙofar falo zuwa ƙofar ɗaka, baƙa-baƙa, an wanke an wanke ta ƙi fita. Ba dauɗa ba ce a lokacin, rauni ne, kuma babu sabulun da ke warkar da shi. Bugu da ƙari, ƙasar nan ja ce, jan kuwa tsatsar ƙarfe ce da ke cikinta, idan ta haɗu da ruwa tana rina abu.

Alhamdu lillahi, mu mutane ne masu cire takalmi a bakin ƙofa, wannan kaɗai ya rage rabin aiki. Sai dai yaro da ya yini yana guje-guje a tsakar gida ba takalmi, me zai cire? Ƙafarsa ita ce takalmin. A ajiye abin goge ƙafa biyu, mai kaushi a waje, mai laushi kamar tsohon tawul a ciki, a kuma ajiye buta kusa. Wanda ya yi alwala ma ya tsane ƙafa kafin ya hau, domin jiƙaƙƙiyar ƙafa da ta taka siminti taku uku ta riga ta kwaso taɓo. Haka man shafawa: uwa ta shafe yaro da basilin tun daga kai har tafin ƙafa ta sake shi a kan kafet, maiƙon ya kama zare, ƙura ta zo ta manne. A shafa masa a kan tabarma, a bar tafin ƙafar.

Shara kullum ce, ba sai an ga datti ba. Mai injin zuƙar ƙura ya yi amfani da shi sau biyu ko uku a mako a duk lokacin da aka sami wuta, a hankali, ba da gudu ba. Wanda ba shi da shi, buroshi mai ɗan tauri ya fi tsintsiyar kwakwa, domin tsintsiya sama-sama take ɗauka ta tura sauran ciki. Sau ɗaya a mako a fitar da shi, a rataye, a kakkaɓe ta baya. Wannan aikin samarin gida ne, Alhazai, ba na matar da ta yini a bakin murhu ba. Kuma duk bayan wata uku ko huɗu a juya shi, gefen ƙofa ya koma ciki, don kada wuri ɗaya ya yi ta shan taku.

To, idan abu ya zuba fa? A nan ne ake yin ɓarnar da ta fi yawa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Shayi ya kife, sai a rugo da omo da buroshi da rabin bokitin ruwa a hau dirza. Kuskure uku ke nan a lokaci guda. Dirza tana tura tabon ƙasa, ta faɗaɗa shi, ta kuma warware zaren ya yi buzu-buzu. Ruwa mai yawa yana ratsawa ya kwanta a ƙasa inda ba zai bushe ba. Omo kuma ba ya fita duka. Abin da ya rage a zare yana da danƙo, yana kama ƙura. Shi ya sa bayan sati biyu sai ki ga wurin da kika wanke ya fi ko'ina baƙi, ki ce tabon ne ya dawo. Ba shi ba ne, omon ne.

Abin da za ki yi shi ne, ki kwashe mai kauri da cokali, ki ɗora farin tsumma mai tsabta ki danna, ki ɗaga, ki sake wuri ki danna, har sai ya daina shan komai. Fari nake cewa, domin atamfa tana iya zuba ta ƙara miki wani aikin. Daga nan ki haɗa ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanuka a cikin lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi. Cokali ɗaya, Hajiya, ba a ƙarawa don a ga kumfa. Ki jiƙa tsumman, ba kafet ɗin ba, ki riƙa dannawa daga bakin tabon zuwa tsakiyarsa. Idan ya fita, ki bi da ruwa zalla a wani tsumman har santsin sabulu ya tafi. Ƙarshe ki ninka busasshen tawul ki ɗora, ki danne da abu mai nauyi kamar turmi ko jarkar ruwa na 'yan awoyi, sannan ki ɗauke ki kunna fanka. Tawul ɗin nan shi ke jawo abin da ya nutse, ya hana shi tasowa sama idan wurin ya bushe.

Bari in ɗan daɗe a kan manja, tunda zaman Kudu ya sa ya zama ɗan gida a tukunyarmu, kuma na faɗa muku zaren roba yana son maiƙo. Manja abu biyu ne, mai da kuma launi, kowanne da maganinsa. Kada ki fara da ruwa. Ki kwashe da cokali, ki barbaɗa garin sitaci ko hodar jarirai da yawa, ki bar shi kamar rabin awa ya tsotse man, ki share, ki maimaita idan garin ya yi ja. Sai bayan haka ruwan sabulun da na faɗa zai shigo. Idan maiƙon ya fita amma ja-jan ya rage, kada ki tayar da hankalinki, kuma kada ki ɗauko bilic. Launin manja ba ya jure hasken rana. Ki fitar da kafet ɗin rana ta bugi wurin na 'yan awoyi, yau da gobe, za ki ga yana kwashewa da kansa. Amma maiƙon ne farko. Idan aka shanya da mai a jiki, sai ya daskare ya ƙara kamawa. Kananzir da fetur kuwa, don Allah a bar su. Suna narkar da gam ɗin da ya riƙe zaren a baya, warinsu yana wata bai fita ba, ga kuma kyandir da risho a gida.

Shayi da zobo da goro dangi ɗaya ne. Sabulun sanda yana ƙara kafe su, don haka kada a goga shi. Bayan ruwan sabulun kwanuka, a bi da ruwan khal fari, wato binega, kashi ɗaya a cikin kashi biyu na ruwa. Za ku lura zobo idan ya haɗu da omo ko kanwa yakan rikiɗe ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Binega ke mayar da shi, ya saki. Idan duk da haka inuwa ta rage a farin kafet, akwai ruwan haidurojin na wanke ciwo da ake sayarwa a kemis. A duba kwalbar: mai kashi 3 cikin 100 ake so, idan mai kashi 6 ne a sirka shi da ruwa daidai wa daida. A fara gwada shi a kusurwar da kujera ke rufewa, a jira ya bushe a gani. Game da goro, dattawana, ku yi mini afuwa, maganinsa na gaskiya shi ne gwangwani a gefen kujera.

Lalle ba ya fita daga ulu, domin yadda yake kama fata da farce haka yake kama gashin tumaki. Ranar ƙunshi a naɗe kafet, a shimfiɗa leda. Jini, madara, ƙwai da aman jariri, ruwan sanyi ake sa musu, ruwan zafi dafa su yake yi su manne. A tuna da wannan ranar layya, lokacin da yara ke shigowa da nama a hannu. Biro kuwa sifirit ne maganinsa, a ɗiga a auduga a riƙa dangwalawa, ba a tsiyaya a kai ba. Tawadar allo ta fi sauƙi idan an tsane ta nan take da ruwan sanyi ba tare da gogawa ba. Cingam a ɗora masa ƙanƙara ya sandare a ɓamɓare. Taɓo kuma, akasin sauran, a ƙyale shi ya bushe sarai tukuna, a farfasa a share, sannan a wanke abin da ya rage.

Ɗaukewar wuta ta jawo mana wasu tabban na daban. Idan kyandir ya ɗiga, a bari ya daskare, a kankare da bayan cokali, a ɗora farar takarda marar rubutu, a bi da dutsen guga a mafi ƙarancin zafinsa. Zafin da ake goge shadda da shi ya kai wajen digiri 200, ya wuce abin da zaren roba zai ɗauka, cikin ƙiftawar ido zai bar miki hoton dutsen guga a tsakiyar falo. Dutsen gawayi kada ma a kusantar da shi. Haka kaskon turaren wuta da maganin sauro na nadi, a ɗora su a kan faranti ko tayil. Ƙuna ba ta wankuwa, sai dai a yanke wurin a dasa wani. Saboda haka duk wanda aka yanka masa kafet, ya karɓi ragowar ƙyallen ya adana, kada ya bar wa mai shimfiɗa.

Sai maganar fitsarin yara, wadda na san ita ce ta fi damun iyayena mata, saboda salla. Malamanmu suna zaune, su ne masu hukunci, ni abin da na koya a wajensu kawai zan maimaita: a mazhabarmu ta Malikiyya najasa ba ta gushewa sai da ruwa mai tsarki wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canza ba. Ke nan ruwan sabulu yana fitar da dauɗa, amma wankin ƙarshe dole ya zama na ruwa zalla. Abin sha'awa, sana'a ma haka ta ce. A tsane fitsarin nan take da tsumma, tun bai nutse ba. Idan kafet ɗin mai ɗaukuwa ne, a fitar da shi a kwarara ruwa a wurin ya ratsa ya fita ta baya. Idan na manne ne, a zuba kaɗan a tsane, a zuba a tsane, sau da yawa. Fitsarin da ya kwana yakan bar gishiri a zare, gishirin kuma yana jawo laima, shi ya sa zarni ke tashi duk ranar da hadari ya haɗu ko da an yi wata da wankewa. Maganinsa ruwan binega, a bar shi minti goma, a tsane, a ɗauraye da ruwa. Fesa turare a kai ba ya kawar da komai, sai ma ya haɗu da zarnin su ba da wani wari na uku. Kuma a ware darduma ta salla, a ninke ta a rataye bayan an idar, kada ta zama wurin zaman kowa.

A nan zan ja kunne da babbar murya. Kada a zuba Hypo ko Jik a kan fitsari, kada kuma a haɗa su da binega ko ruwan wanke masai. Haɗin yana fitar da iska mai guba wadda ke ƙona ido da maƙogwaro da huhu, a ɗakin da taga ɗaya ce kuwa abin yana iya kai mutum asibiti. Ko ba a haɗa da komai ba, bilic yana narkar da ulu, yana ɓata nailan ya bar masa tabon da babu gyara. Farin kafet ba farar riga ba ne.

Mu koma kan laima, domin ita ce ta shafi lafiya kai tsaye. Akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, suna zama a kafet da katifa, suna cin ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikinmu. Ba sa shan ruwa, daga iska suke samunsa, don haka idan laimar iska ta yi ƙasa da kashi 50 cikin 100 ba sa iya yaɗuwa. A nan kuwa mafi yawan shekara ta fi haka nesa ba kusa ba. Kashinsu yana daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta nuna cewa mazauna irin waɗannan gidaje sun fi fuskantar tari, ciwon ƙirji da tashin asma. Idan kina da yaron da ke tari da dare ko numfashinsa na fito, ki kai shi asibiti, sannan ki ɗaga gefen kafet ɗin ɗakin da yake kwana ki sansana. Idan kin ji warin rima ko kin ga baƙin ɗigo-ɗigo a baya, to ɗakin nan ya fi ƙarfin kafet.

Gidaje da yawa a unguwannin nan tsofaffi ne, daɓensu yana tsatsar da danshi daga ƙasa. Kafin ka shimfiɗa komai, Alhaji, ka yanko leda kamar rabin mita ta kowane gefe, ka manne ta a siminti da salatif ta ko'ina, ka bar ta kwana ɗaya. Idan ka ɗaga ka ga gumi a ledar ko simintin ya yi duhu, kada ka sa kafet na bango zuwa bango, balle ka sa masa soso a ƙasa. Soson nan tafki ne: ruwa, fitsari, koko, duk a cikinsa suke taruwa. Ra'ayina, kuma ina faɗa ne ko da zai rage mini ciniki, gidan da ke da ƙananan yara a ƙasar nan ya fi dacewa da ledar ɗaki ko tayil, sannan a ɗora kafet na tsakiya wanda mutum biyu za su iya naɗewa su fitar. Ɗaya babba ma gara biyu matsakaita.

Babban wanki lokacinsa Disamba zuwa Fabrairu ne, sa'ad da hunturu ya sauko iska ta bushe. Na san al'adarmu ita ce a wanke komai ana jajibirin Salla, amma Salla tana zagayawa, damina ba ta zagayawa. A 2025 Babbar Salla a farkon Yuni ta faɗo, tsakiyar ruwa. A irin wannan shekara a wadatu da kakkaɓa da fitar da tabo, a bar babban wankin sai rani. Idan ranar ta zo, a fara da sassafe. A kakkaɓe shi sosai tun yana bushe, in ba haka ba ƙurar za ta zama taɓo. A shimfiɗa a siminti mai tsabta mai ɗan gangare, a bi da buroshi mai laushi ta inda zaren ya kwanta, a ɗauraye har kumfa ta ƙare ƙaf, a matse ruwan da katako. A rataye shi a kan igiya biyu ko sanda yadda iska za ta shiga ta sama da ta ƙasa, ba a kan katanga ba, domin katanga tana rina shi. Kafin a mayar ɗaki, bayansa za a taɓa, ba fuskarsa ba. Wanda bayansa na algarara ne ba ya son jiƙewa sosai, yakan tsuke ya kuma fitar da ruwan ƙasa-ƙasa a saman farin. Masu kai wa wurin wankin mota, babu laifi idan na zaren roba ne, amma ban da ulu da biskos, kuma kada a karɓo shi a naɗe da sauran danshi.

Ruwan ambaliya kuwa hukuncinsa daban. Dattawa suna tuna ambaliyar Ogunpa ta 1980, mu duka kuma mun ga ta ranar 26 ga Agusta, 2011, wadda ta ci rayuka fiye da 100 a garin nan. Ruwan da ya shigo ɗaki daga kwata ya haɗu da na masai. Ƙaramin kafet na roba ana iya wanke shi sosai a shanya a rana mai ƙarfi, amma na bango zuwa bango da sosonsa, a yi haƙuri a zubar. Araha ce a kan kuɗin asibiti.

Akwai kuma ɓangaren haya, tunda yawancinmu a gidan wani muke. Sau da yawa rigimar da ake kawowa gaban shugabanni a lokacin tashi, tushenta ƙasan ɗaki ne: an manne kafet da gam a kan tayil, an zo ɓamɓarewa ya bar tabo, mai gida ya riƙe kuɗin ajiyar da aka ba shi saboda ɓarna, wanda ejan-ejan ke kira koshin. Kada ka sa gam ko ƙusa sai da izinin mai gida a rubuce. Ranar da ka karɓi makulli ka ɗauki hoton ƙasan kowane ɗaki da waya, idan kuma ka tarar da kafet a ciki, a rubuta halin da yake a takardar yarjejeniya. Dokar haya da Jihar Legas ta yi a 2011 ta ɗora wa ɗan haya kula da gida, amma ta cire tsufan da abu ke yi saboda amfani na yau da kullum, ta kuma ce a ba da rasit na daban a kan kuɗin ajiya. Wannan ta Legas ce, 'yan uwanmu na Agege da Idi-Araba ta shafa, amma a nan ma babu abin da ya hana ka nemi a sa waɗannan sharuɗɗa a takardarka kafin ka sa hannu. Kafet ya koɗe don an taka shi shekara uku, wannan tsufa ne. Ƙunar dutsen guga kuwa ɓarna ce, kai za ka biya. Idan rufi ko bango ne ke yoyo har ya lalata maka kaya, ka sanar da mai gida a rubuce tun ranar farko, ka riƙe kwafi.

Ga masu shirin sayen sabo, musamman iyayen amare: idan yarinya ta dage sai mai haske, a nema mata mai ɗigo-ɗigo ko mai zane, ruwan ƙasa da ruwan madara a gauraye, gajeren zare mai cikowa. A lanƙwasa shi a hannu. Idan bayan ya leƙo da sauƙi ta tsakanin zaren, saƙar ba ta cika ba, ba zai daɗe ba. Mai dogon gashin nan kamar tunkiya yana da kyau a shago, amma shinkafa ɗaya idan ta faɗa ciki sai dai kyankyaso ya nemo ta. Kuma a haɗa mata da ledar cin abinci mai faɗi a cikin kayan, da ɗan bokiti da aka zuba fararen tsummoki, cokali, garin sitaci da kwalbar binega, a ajiye shi a bayan ƙofar falo inda hannu zai kai cikin minti ɗaya, amma sama da inda yara ke kaiwa.

Shugaba ya yi mini nuni da agogo. Na ga wasu daga cikin iyayena sun zo da ƙyallayen kafet ɗinsu. A kawo su nan gaba bayan addu'a, ga kofin ruwa ga ashana, mu fita waje mu gwada kowanne.